Daƙiƙa Bakwai

Wata uku muna faɗa, ni da Morenike,
a wani ɗaki saman shagon gyaran janareta a Yaba,
inda fanka ke juyawa kamar wanda aka tilasta wa aiki.
Ni kunne na kawo, ita ta kawo ido.
Na rubuta kiɗa don goge biyu da sarewa da ganga ɗaya,
ita ta zo da hotuna masu motsi cike da jaka:
ruwan Makoko da asuba,
ƙafafun fasinjoji a Oshodi,
wata mata tana ƙirga canji da leɓɓanta.

Ta ce, "Tanimu, gogenka ya cika kuka."
Na ce, "Ruwanki ya cika surutu."
Muka raba burodi ɗaya,
kowa ya ci nasa yana kallon bango.

A tsakiyar kiɗan na bar wani gurbi,
daƙiƙa bakwai,
ba goge, ba ganga, ba numfashin sarewa.
Na ce nan ki kashe allon, a bar mutane cikin duhu.
Ta yi dariya: "Duhu, a Ikko?
Wanda ake raba mana kullum kyauta?"
Na ce shirun nawa ne.
Ta ce bangon nata ne.

Ban faɗa mata inda na samo shirun ba.
Haka Baba yake yi a kasuwar Agege
in ya ɓare goro:
ya tsaya, ya duba cikinsa,
sannan ya faɗi kuɗi.
Shekara arba'in yana wanke goro a kwando.
Ya rasu da damina,
ina Lekki ina gwajin sauti, wayata a kashe.

Daren wasan, tsohon sito ne a Ebute Metta,
kujerun roba ɗari biyu,
ruwan sama na nasa kiɗan a kan kwano ba a gayyace shi ba.
Muka fara.
Doguwar gada ta miƙe a bango,
motocin danfo na shiga daidai inda ganga ke faɗuwa,
kwalekwale ya ratsa ta ƙarƙashin muryar sarewa.
Na ga abubuwa a kiɗana
da ni da na rubuta shi ban taɓa ji ba.

Sai gurbin ya zo.
Na ɗaga hannu, kowa ya tsaya.
Allon bai mutu ba.

Hannaye biyu ne, babu fuska,
suna juya goro cikin ruwa.
A babban yatsan dama akwai tabon wuƙa
wanda na sani tun kafin in san sunana.

Ɗaya. Biyu.
A ta uku ƙirga ta kuɓuce mini.
Ɗanlami mai goge yana kallona, hannunsa a sama.
Bakwai ta wuce, ta ja wasu bakwai,
hannayen suka ɓare goro, suka tsaya,
ɗakin duka ya tsaya da su.
Wani a baya ya yi tari, ya haɗiye sauran.
Ban san wa ya sauke hannuna ba.

Bayan an watse, ana tara kujeru,
na same ta a durƙushe tana naɗe waya.
Ta ce, "Bara na ɗauka, kafin in san ka.
Ya ba ni goro, na kasa cinyewa don ɗaci.
Ban san ko wane ne ba,
sai ranar da na ga yadda kake juya fensir
kafin ka ce a'a."

Har yanzu ina cewa shirun nawa ne.
Ita ba ta ƙara musu ba.
Ta miƙo mini ƙarshen wayar,
ta ce riƙe nan,
kada ta sake harɗewa.